Markoni Da Turakun Da Iska Ta Kayar

Matafiyin da ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya ratsa ta Tambuwal, ko kuwa ya karkata ya nufi Kebbe, ba zai rasa ganin dogayen hasumiyoyin ƙarfe na kamfanonin waya ba, waɗanda aka shafa wa fenti ja da fari, suka kere kowace kuka da kowane rimi tsawo. Jama'a sun saba da su har ba mai ɗaga kai ya dube su. Amma dalilin da ya sa ake kai eriya can sama, da wahalar da aka sha kafin a koyi tsai da abu mai tsawo haka iska ba ta tuge shi ba, duk suna cikin tarihin Guliyelmo Markoni, Baturen Italiya wanda ya fara mai da wayar iska sana'a. An fi tunawa da shi a kan rediyo. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, a 1901 babban aikinsa ya kusa rushewa saboda yadda aka ɗaure waɗansu turakun katako da igiya.

An haifi Markoni ran 25 ga watan Afrilu, 1874, a birnin Bolonya na ƙasar Italiya. Ubansa, Giuseppe, mai gonaki ne kuma mai hali. Uwarsa kuwa, Annie Jameson, mutuniyar Ailan ce daga wani gidan attajirai, saboda haka yaron ya tashi da harshe biyu, Italiyanci da Ingilishi. Bai yi karatun jami'a ba, bai kuma sami wata takardar shaida ta kimiyya ba. Malamai ne suka riƙa koya masa a gida, sa'an nan wani shaihin malamin Jami'ar Bolonya, Augusto Righi, ya yardar masa ya riƙa shiga ɗakin gwaje-gwajensa yana kallo.

A farkon 1894 masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz, ya rasu. Shi ne ya tabbatar da cewa tartsatsin lantarki yana ta da wata irin kaɗawa mai tafiya cikin sarari, kamar yadda ruwan tafki ke kaɗawa in an jefa dutse a ciki. Markoni yana da shekara 20 sa'ad da ya karanta labarin wannan bincike, sai ya ga abin da manyan masana ba su damu da shi ba, watau ana iya aika saƙon tangaraho da wannan kaɗawa ba tare da an ja waya ba. Ya hau benen gidansu na ƙauye da ke Pontecchio, ya shiga haɗa na'urori da hannunsa. Da farko saƙon bai wuce ɗaki ba. Cikin 1895 ya fito da kayan waje, ya ɗaga waya guda sama a kan sanda, ya haɗa ɗaya gefen na'urar da ƙasa. Nan take nisan ya ƙaru, har saƙo ya tsallake wani tudu ya kai fiye da mil guda. Wansa Alfonso, wanda ke riƙe da na'urar karɓa a bayan tudun, ya harba bindiga don ya sanar da shi cewa alama ta iso.

Daga wannan rana Markoni ya kama abin da zai bi har tsakiyar rayuwarsa: iyakar tsawon eriya, iyakar nisan saƙo.

A watan Fabrairu, 1896, shi da uwarsa suka tafi Landan, domin Ingila ce ta fi kowace ƙasa jiragen ruwa a lokacin, jirgin ruwa kuwa ba a iya ja masa waya. Ya nemi rajistar ƙirƙirarsa ran 2 ga Yuni, kana Babban Injiniyan Gidan Waya, William Preece, ya ɗauke shi ya ba shi ma'aikata. Cikin ma'aikatan nan akwai George Kemp, tsohon sojan ruwa, wanda ya ƙware wajen ɗaurin igiya da tsai da turakun jirgi. Kemp ya bar Gidan Waya ya bi Markoni, bai kuma rabu da aikinsa ba har ya rasu a 1933. Littattafai ba su cika ambatonsa ba, alhali kuwa yawancin turakun farko shi ya tsai da su.

A watan Mayu, 1897, suka gwada aika saƙo ta kan ruwa, daga tsibirin Flat Holm zuwa gaɓar Lavernock a ƙasar Wales, kusan mil 4. Kwana biyu ana gwadawa ba a ji kome ba. Ran 13 ga wata aka ƙara tsawon eriyar karɓa daga kimanin ƙafa 100 zuwa ƙafa 160, sai ga saƙo sarai. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje Markoni ya fitar da ƙa'idar da aka sa wa sunansa: in aka ninka tsawon eriya sau biyu a wajen mai aikawa da wajen mai karɓa, nisan da saƙo ke ci yakan ninka sau huɗu. Ƙa'idar ta yi daidai da na'urorin wancan zamani da gajeriyar tafiya, ita ce kuma ta cusa masa kwaɗayin tsawo. A watan Yuli na shekarar aka kafa kamfaninsa da kuɗin dangin uwarsa. Ran 27 ga Maris, 1899, saƙo ya ƙetare mashigin da ke tsakanin Faransa da Ingila, a watan Janairu, 1901, kuwa ya ci mil 186, watau kimanin tafiyar Sakkwato zuwa Tambuwal sau uku.

Da'irar Turaku Ashirin

Tun kafin wannan Markoni ya ƙudura niyyar ƙetare tekun Atlantika. Masana da yawa suka ce ba shi yiwuwa, gama duniya a dunƙule take, kaɗawar lantarki kuwa miƙe take tafiya kamar haske, tsakanin Ingila da Amurka kuma akwai doron ruwa wanda tudunsa ya fi mil 100. Markoni ba shi da lissafin da zai ba su amsa da shi. Abin da ya sani kawai shi ne saƙonninsa sun riga sun wuce inda ido ke gani. Ya shawo kan shugabannin kamfani suka zuba kimanin fam 50,000 a kan tasha biyu, ɗaya a Poldhu, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila a lardin Cornwall, ɗaya kuma a South Wellfleet, bisa gaɓar Cape Cod ta Amurka. Shaihin malami John Ambrose Fleming na Jami'ar Landan ya tsara injin aikawa, wanda ya fi duk na baya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Eriyar da aka tsara ita ce abin kallo. Turaku 20 na katako aka kafa a da'ira, kowanne ƙafa 200, watau ya ninka doguwar giginya sau biyu har da ɗoriya. Faɗin da'irar ma ƙafa 200 ne. Ba a samun itace guda mai wannan tsawo, saboda haka gaɓa-gaɓa aka harhaɗa su, wani bisa wani, kamar turakun jirgin ruwa mai tafiya da iska. Daga kawunansu wayoyi 400 suka gangaro suka haɗu a ɗakin inji da ke tsakiya, kamar an kifa malafa a juye.

Ga inda aka kuskure. Dogon turke ba ya tsayuwa da gindinsa kaɗai. Igiyoyi ne ke riƙe da shi, waɗanda aka ja daga jikinsa zuwa ƙasa ta fuskoki dabam-dabam, yadda ko ta ina iska ta bugo akwai igiyar da za ta tare ta. A Poldhu an ja wa kowane turke igiya zuwa ƙasa ta fuska biyu kawai, ta wajen da'ira da ta cikinta. Ta gefe da gefe kuwa sai aka ɗaure kan kowane turke da kan maƙwabcinsa. An yi haka ne da dalili, domin ana tsoron yawan igiyoyin ƙarfe kusa da eriya zai shanye ƙarfin saƙo. To, amma ma'anar wannan ɗauri ita ce babu turke ko ɗaya da ke tsaye da kansa. Kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, in ɗaya ya tafi sai ya ja sauran.

Ba a rasa mai gargaɗi ba. Richard Vyvyan, injiniyan da aka aika ya gina tashar Cape Cod, ya ce tsarin ba shi da aminci, kuma tun a watan Agusta ya ga yadda iska madaidaiciya ke sunkuyar da kawunan turakunsa. Aka ji, aka ci gaba, domin kuɗi na ƙarewa, kamfani kuma yana gaggawar nuna wa duniya abin da ya iya. Duk ma'aikacin da ya taɓa rubuta shawara aka sa ta cikin fayil aka rufe zai gane halin da Vyvyan ya shiga.

Ran 17 ga Satumba, 1901, guguwa ta taso daga teku ta bugi Poldhu. Maɗauri guda ya karye, da'irar duka ta zube, katako da waya suka cakuɗe a ƙasa. Aikin kusan shekara guda ya tafi cikin ɗan lokaci kaɗan. A ƙarshen watan Nuwamba na Cape Cod ma suka bi sahu, har wani gungume ya huda rufin ɗaki ya faɗi dab da inda Vyvyan yake. Sauri ya haifi nawa.

Mutanen ƙasar Sakkwato ba su bukatar a yi musu bayanin irin wannan iska, gama sun san wadda ke zuwa gaban hadarin farkon damina, ta kwashe kwanon makaranta ta karya turakun lantarki. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne lissafinta. In saurin iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take tura abu da shi yakan ninka sau huɗu; can sama kuma ta fi gudu bisa ga nan ƙasa, sa'an nan iyakar tsawon turke, iyakar yadda take murɗa gindinsa. Ashe tsawon nan da ke ƙara wa Markoni nisan saƙo, shi ne ke ƙara wa iska iko a kansa. Ya auna na farko da kyau, na biyun ne ya raina.

A nan ne Kemp ya nuna amfaninsa. Ya tara ma'aikata suka kwashe tarkacen, cikin kwanaki kaɗan ya tsai da turke biyu masu ƙafa 160, kowanne da nasa igiyoyi, ya ja igiya tsakaninsu, ya rataya wayoyi kimanin 50 suka gangaro kamar mafici. Kafin watan Satumba ya ƙare Poldhu ta koma aiki. Wannan eriya ta wucin gadi ba ta kai ta farko girma ko kyan gani ba, amma ta tsaya, ita ce kuwa ta shiga tarihi.

Ɗigo Uku

Da yake ƙarfin tashar ya ragu, Markoni ya canja shawara. Ya bar zancen Amurka, ya zaɓi tsibirin Newfoundland, wanda ya fi kusa da Ingila, a lokacin yana ƙarƙashin mulkin Ingila, bai shiga Kanada ba sai 1949. Shi da Kemp da Percy Paget suka sauka a St. John's ran 6 ga Disamba, aka ba su ɗaki a wani tsohon asibiti bisa dutsen Signal Hill. Babu lokacin kafa turke, babu ma kuɗinsa. Abin da suka zo da shi balan-balan ne manya, da waɗansu faya-fayai na kyalle da gora waɗanda iska ke ɗagawa in an riƙe su da igiya.

Ran 11 ga wata suka cika balan-balan guda suka sake shi da waya, iska ta tsinke igiyar ta tafi da shi. Kashegari faifai na farko ya bi shi. Na biyu ya tashi da waya mai ƙafa 500, yana sama yana ƙasa cikin iska da sanyi, Kemp da mataimakansa suna fama da igiya. Wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana, ran 12 ga Disamba, 1901, Markoni ya ce ya ji ɗigo uku a abin saurare, watau harafin S a tsarin tangaraho, wanda aka shirya Poldhu za ta riƙa bugawa. Ya miƙa wa Kemp, shi ma ya ce ya ji. Nisan ya kai mil 2,100.

Gaskiya ita ce shaidun ba su wuce su biyu ba, ba a kuma rubuta saƙon a takarda ba, har wa yau injiniyoyi suna gardama ko abin da aka ji ɗigon Poldhu ne ko kuwa ƙarar sararin sama. Markoni ya san da wannan rauni. A watan Fabrairu, 1902, ya shiga jirgin ruwa mai suna Philadelphia da na'ura mai buga saƙo a takarda, kyaftin na sa hannu a kan kowace shaida. Saƙo cikakke ya iso har mil 1,550, alama kuwa har kusan mil 2,100. A wannan tafiya ya lura da wani abu: da rana saƙon ba ya wuce mil 700, da dare ne yake cin nisa. A cikin shekarar Arthur Kennelly da Oliver Heaviside suka kawo bayani, cewa akwai wani rufi na iska mai lantarki can sama wanda ke mai do da kaɗawar ƙasa, Edward Appleton kuma ya tabbatar da shi a 1924. Wannan ne dalilin da ya sa mai rediyo a ƙauye yakan kama tashoshin nesa a matsakaicin zango da dare, da rana su ɓace.

Kamfanin tangaraho mai wayar ƙarƙashin teku, Anglo-American, ya yi barazanar kai ƙara, gama shi ke da ikon sadarwa a Newfoundland. Gwamnatin Kanada ta yi maza ta ba Markoni dala 80,000 ya gina tasha a Glace Bay. A wannan karo ba wanda ya sake zancen da'ira. Hasumiya huɗu na katako aka yi, saƙaƙƙu, masu faɗin gindi, kowace ƙafa 210, a kusurwa huɗu, kowace da nata igiyoyi zuwa ƙasa. Haka aka sake gina Poldhu da South Wellfleet. Tsoron nan na igiyar ƙarfe kuwa aka magance shi ta hanyar yanka igiyar gunduwa-gunduwa, a haɗa su da abin da lantarki ba ya ratsawa. A watan Disamba, 1902, saƙo ya tashi daga Glace Bay zuwa Ingila, ran 18 ga Janairu, 1903, kuma gaisuwar Shugaba Theodore Roosevelt ga Sarki Edward na Bakwai ta tashi daga Cape Cod. Amma sai a watan Oktoba, 1907, aka buɗe ciniki na kullum tsakanin Clifden ta Ailan da Glace Bay.

Ba Markoni kaɗai igiya ta kunyata ba. Abokin gasarsa Reginald Fessenden ya kafa hasumiyar ƙarfe mai ƙafa 420 a Machrihanish ta Sikotlan, a watan Disamba, 1906, maɗaurin igiya ya saki cikin hadari, ta faɗi, aikinsa na ƙetare teku ya tsaya ke nan. Ko a zamanin baya-bayan nan, turken rediyon Warsaw na ƙasar Folan, mai mita 646, wanda babu ginin da ya kai shi tsawo a duniya a lokacinsa, ya zube ran 8 ga Agusta, 1991, sa'ad da ake canja masa igiya.

Daraja ta biyo baya. A 1909 aka ba Markoni kyautar Nobel tare da Karl Ferdinand Braun na Jamus. A watan Afrilu, 1912, jirgin Titanic ya nutse, mutum 700 da 'yan kai da suka tsira kuwa kiran da ma'aikatan kamfaninsa biyu, Jack Phillips da Harold Bride, suka yi ta bugawa ne ya jawo jirgin Carpathia ya tsamo su. A watan Satumba na shekarar ya yi hatsarin mota a Italiya ya rasa idonsa na dama.

Masu Rediyon Sha'awa

Tun farkon al'amarin akwai samari a Amurka da Turai da suka kwaikwayi Markoni, suna haɗa na'urar aikawa da ta karɓa a gida, ba don kuɗi ba. Su ake kira masu rediyon sha'awa. Hukuma ke ba su lasisi da lambar kira. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Markoni kansa yakan lissafa kansa cikinsu, gama shi ma a bene ya fara ba da digiri ba.

Dokar Amurka ta 1912 ta kore su zuwa zangon da bai wuce mita 200 ba, wanda manyan kamfanoni suka ɗauka ba shi da amfani. Kamfanonin suna can suna gina tashoshin dogon zango masu cin fili da turaku barkatai. Sai ga shi a watan Disamba, 1921, Paul Godley ya kafa tanti a Ardrossan ta Sikotlan ya kama muryar na'urorin 'yan'uwansa na Amurka. A watan Nuwamba, 1923, Léon Deloy na birnin Nice a Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz na Amurka a zangon da bai fi mita 100 da kaɗan ba, da wutar da ba ta taka kara ta karya ba. A daidai wannan lokaci Markoni da injiniyansa Charles Franklin suna nasu gwaji daga Poldhu zuwa jirginsa Elettra, wanda ya kai har tsibiran Kef Bad a yammacin Afirka cikin 1923. Ya yarda a fili cewa shekarun da aka yi ana bin dogon zango an bi hanya mai tsada. A 1926 kamfaninsa ya buɗe layin gajeren zango tsakanin Ingila da Kanada, da eriya mai tattara ƙarfi ta harba shi fuska guda. Gajeren zangon nan ne daga baya ya kawo Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, har cikin zaurukan Tambuwal da Kebbe.

Gajeren zango ya rage girman eriya, amma bai kawar da bukatar tsawo ba. Masu rediyon sha'awa sukan ɗora eriya irin ta Yagi, wadda aka ƙirƙiro a Japan a 1926, mai kama da ƙashin kifi kamar ta telebijin, sai dai tasu takan kai faɗin ɗaki biyu ko uku, a kan hasumiya mai ƙafa 50 zuwa 100 ko fiye. Hanyar da masu hankalinsu ke bi, in an duba, darasin Poldhu ne. Akan ja igiya ta fuska uku daidai wa daida, a kowane mataki na tsawo, a ɗaure su ga ƙarfen da aka binne cikin siminti nesa da gindi, kimanin kashi huɗu cikin biyar na tsawon hasumiyar. Gaɓa-gaɓa ake hawa da ita: a ɗaura wani sandan ƙarfe mai gargare a ka a jikin gaɓar da ta riga ta zauna, ya ɗara ta tsawo, a jawo sabuwar gaɓa da igiya ta cikin gargaren, a zaunar da ita a ɗaure. Ba a ƙara gaɓa sai an ja wa ta ƙasa igiya, ko da ta wucin gadi ce, ba a kuma kwance tsohuwar igiya sai sabuwa ta kama. Masu ja sukan tsaya can gefe da hular kwano, ba a ƙarƙashin kaya ba, domin ko sufana ce ta suɓuce daga ƙafa 80 ta isa ta kashe mutum.

Ita eriyar kanta ba a ɗaukarta a kafaɗa. Akan ja igiya mai ƙarfi daga kan hasumiya zuwa ƙasa a karkace, a rataya eriyar ta bi ta kanta a hankali, mutum biyu suna riƙe da ƙananan igiyoyi a gefe don kada ta juya ta sarƙe. Wanda ke sama yana sanye da ɗamara mai ƙugiya biyu, ba ya sakin ɗaya sai ɗaya ta kama. Kafin a fara kome akan auna nisan wayar lantarki, yadda ko hasumiyar ta faɗi ba za ta taɓa ta ba, gama wayar lantarki tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan aiki. In iska ta motsa ko hadari ya haɗu, aiki ya tashi sai wata rana. Mutum ɗaya ne kuma ke ba da umurni. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗora jinka a kan ɗaki a ƙauye ya san wannan: maza goma sun kewaye ta, amma murya guda suke jira kafin su ɗaga.

Ƙarshen rayuwar Markoni ba ta da daɗin faɗi kamar farkonta. Ya shiga jam'iyyar Fasist ta Musolini a 1923, aka ba shi sarauta a 1929, aka naɗa shi shugaban majalisar masana ta Italiya a 1930, wanda ya sa ya zama ɗan babbar majalisar jam'iyyar. Takardun da aka tono daga baya sun nuna yakan sa alama a gaban sunayen Yahudawan da aka kawo don shiga majalisar masanan, ba kuwa wanda aka ɗauka a zamaninsa. Sa'ad da Italiya ta auka wa Habasha a 1935 ya goyi bayan mamayar a fili, ya nemi ya kare ta a gidan rediyon BBC aka hana shi. Ɗan Afirka da ke karanta tarihinsa ba zai tsallake wannan shafi ba. Game da ƙirƙira ma, ba shi kaɗai ya yi rediyo ba: a 1943 Kotun Ƙolin Amurka ta soke waɗansu sassa na rajistarsa, ta ce Oliver Lodge da Nikola Tesla da John Stone Stone sun riga shi. Gwanintarsa ita ce harhaɗa abin da wasu suka gano, da nacin gwadawa, da iya shawo kan masu kuɗi.

Ya yi aure sau biyu, da Beatrice O'Brien a 1905, da Maria Cristina Bezzi-Scali a 1927. Shi ya gina wa Fafaroma gidan rediyon Batikan, aka buɗe ran 12 ga Fabrairu, 1931. Ciwon zuciya ya dame shi shekaru da dama, ya rasu a birnin Rum ran 20 ga Yuli, 1937, yana da shekara 63. Kashegari tashoshin rediyo a Ingila da wasu ƙasashe suka yi shiru na minti biyu.

Tashar South Wellfleet an rufe ta a 1917, aka rushe hasumiyoyinta a 1920, teku kuma ta yi ta cin gaɓar har ta haɗiye yawancin filin. Ta Poldhu ta daina aiki a farkon shekarun 1930, abin da ya rage a filin shi ne guntayen harsashin gini da dutsen tunawa a bakin gaɓa. Ran 12 ga Disamba, 2001, shekara 100 cif bayan ɗigo ukun nan, aka buɗe wani ɗan gini a gefen filin, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Poldhu ta kafa eriyoyinta a wurin, da lambar kira GB2GM.